Ɗan Shaho a Kan Benci

Mansur, Makka
Tsakiyar Shawwal

Zuwa ga matar Yaya, Malama Saudatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun yi sallah lafiya. Ya Samaru, ya 'yan ajinki masu tayar miki da hawan jini? Ya ƙafar nan, ta daina kumburi? Mu nan sai godiya. Uwargida Lailatu ta sha fama da mura bayan azumi amma ta warware. Salwa da Rim suna gaishe ki da irin Hausar nan tasu ta 'ya'yan Makka, wadda idan suka ce ina kwana sai ki ɗauka faɗa suke nema. Ni ma garau nake, sai dai zafi ya kankama, kuma da zarar ya kankama kowane gida a unguwar Shisha sai ya tuna da mai gyaran na'urar sanyi, ko abinci a tsaye nake ci. Ga shi dai na bi dokarki, na rubuta da biro zan ɗauki hoto in turo, tunda kin ce saƙon muryata ya fi huɗubar Juma'a tsawo.

To, bidiyon wasan Amir da kika aiko ya haɗa rigima a unguwarmu Mansur. Bayan la'asar na kai shi shagon Iyatu mai tuwo, inda mu tsofaffin 'yan Zariya muke haɗuwa, muka jingina wayar da gwangwanin yaji muka kewaye ta. Da mai sharhi ya ce Uzairu Suhaibu zai shigo, yaron ya juya baya muka ga SUHAIBU a jikin jesinsa, wallahi kowa ya matso kusa da wayar. Duk wanda ke wurin ya ga marigayi Yaya Suhaibu yana buga wa jami'ar Zariya ƙwallon kwando, zamanin da ba a kiransa da komai sai Shaho. Ni dai cewa na yi yaji ne ya shiga min ido.

Daga nan aka fara. Umaru direba, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ce an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to yau ga rarrafe mun gani da idonmu. Na taso masa, Iyatu ta ce duk wanda ya kifar mata da miya shi zai wanke shagon. Amma matar Yaya, tsakanina da ke ba ɓoye-ɓoye. Tsawon na Shaho ne, kafaɗun nasa ne, har yadda yake goge tafin hannu a wando kafin a busa usur. Sai dai Shaho in ya karɓi ƙwallo kowa ya san inda za ta. Kin tuna ranar 'yan Jos, da ya tashi mutum uku suka tashi tare da shi, suka sauko suka bar shi a sama? Amir kuwa ina gani kwando na kallonsa yana kallon kwando, sai ya miƙa wa wani. Na yi ihu a cikin shago, "Jefa mana, ɗan Shaho!" kamar zai ji ni daga Zariya.

Mutum ɗaya ne bai sa baki a gardamar ba, maƙwabcina Hamad. Haifaffen nan ne, kakansa daga Katsina ya zo da ƙafa, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, amma ya san ƙwallon kwando, kuma bai taɓa jin sunan Shaho ba. Shi ya sa aka riƙa mayar da bidiyon baya. Ya nuna mana Amir yana raba wa 'yan wasa gorunan ruwa lokacin hutu tun kafin a sa shi, ya nuna mana shi a cikin fili yana kai wa wannan ƙwallo yana kai wa wancan. Sai ya bugi tebur ya yi magana da Larabci, ma'anarta dai yaron nan mai ɗebo wa mutane ruwa ne, a benci da cikin fili duk aikinsa ke nan. Na sake dubawa na ga gaskiyar Hamad. Ki faɗa wa Amir haka, ki ce in ji Baffansa, da ni da Hamad bakinmu ɗaya.

Aikin hajji ya matso, kwanan nan kamfani zai kwashe mu gyaran sanyin motocin alhazai. A sa mu a addu'a.

Ƙanin mijinki wanda ya fi kowa kyau a dangi,
Abdulsalami


Samaru, Zariya
Ƙarshen Afrilu

Abdulsalami,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Ka gaishe da Lailatu da yara. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ƙari.

Rubutun nan naka kamar kaza ta yi tono, tabarauna kuma ya karye, shi ya sa na miƙa wa Amir wayar ya karanta min ina tsintar shinkafa. Da ka ga yadda ya fara! Yana dariyar Hausar su Salwa, yana kwaikwayon muryarka. Ya zo kan maganar Umaru direba ya wuce ta ko gezau, don ya saba, tun yana sakandare ake jefa masa barewa da rarrafe. Da ya iso kan maganar ruwa sai murya ta ɗauke. Na ɗaga kai na ga yana sake bin layin da ido. Ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya ce, "Umma, har Baffa?" Ya tashi ya shiga ɗaki, ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Ka san abin da 'yan kallo suke kiransa a filin nan tun bara? Ɗan garuwa. Da ya miƙe daga benci zai shiga, sai ka ji daga can kusurwa, "Garuwa! Kawo ruwa!" Akwai marar kunyar da yake zuwa da gwangwanaye biyu yana kaɗawa. Ina zaune nake jin wannan, kowane wasa, da jakata a cinya. Ban taɓa rubuta maka ba don shi ya roƙe ni. Ya ce su faɗi abin da suka ga dama, ai a Makka akwai mutum ɗaya da yake kallonsa da idon ubansa. Yaron da bai cika shekara huɗu ba aka binne ubansa a wata ƙasa, ko muryarsa ba ya iya tunawa, a wajen wa zai nemi wannan idon in ba kai ba? Sai ga shi kai ma ka ɗauko gwangwaninka, har da shaidar Balarabe.

Washegari ya ninke jesin, ya juya sunan ciki, ya kai wa kocinsu. Kocin ya tako har gidan nan, ya tsuguna a zaure kamar mai neman aure, ya ce ba Amir tsakiyarsu a buɗe take. Bayan babbar sallah za a miƙa sunayen waɗanda za su wasannin jami'o'i, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe. In bai koma kafin nan ba, shi ke nan, an rufe.

Kuma bari in gaya maka, kada ka zo min da ranar 'yan Jos. Ina wurin. Na sha rana a filin nan ina kallon Shaho tun bai san sunana ba, na fi ka sanin tashinsa, na fi ka sanin saukarsa, don ni na riƙa gasa gwiwoyin bayan an daina tafi. Ba na musu, ɗana bai da hannun ubansa. Ni ma in ya miƙa ƙwallo ga kwando a gabansa sai na ciji mayafi. Amma abin da ba ku gani ba a shagon Iyatu da bakinku cike da tuwo, ni ina ganinsa a gida. Kyaftin ɗinsu da kowa yake ta yabo, wa yake tsaya masa ya tare mai binsa har ya samu sarari? Wa yake shiga cikin ƙattai ya kamo ƙwallon da ta ƙi shiga? Haƙarƙarinsa duk tabo ne. Ba a rubuta wannan a allo, ba wanda yake tashi tsaye dominsa, shi kuma bai taɓa ƙorafi ba sai ranar da Baffansa ya aiko.

Wasan da ke tsakanina da kai daban, na ƙanin miji ne, ka ce min tsohuwa in ce maka ɗan cirani. Wannan ba wasa ba ne. Ka rubuto, kuma shi za ka rubuto wa.

Saudatu


Samaru, Zariya
Ana saura mako sallah

Abdulsalami,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, damina ta sauka, an sayi ɗan rago. Ina fatan ku ma kuna lafiya.

Na san lokacin aikinku ne, ban manta ba. Amma alamar nan shuɗiya guda biyu ta fito a kan wasiƙata tun ranar da na tura. Ka buɗe, ka karanta, ka yi shiru fiye da wata. To shiru ma magana ce, na ji.

Amir yana nan. Yana zuwa lacca yana dawowa, amma ta bayan masallaci yake zagayawa don kada ya bi ta gaban fili. Da yamma, lokacin da suka saba atisaye, sai ya rasa inda zai sa kansa, jiya ragon nan wanka biyu ya sha. Bai tambaye ni ko ka amsa ba. Idona kawai yake kallo in na ɗauki waya, shi ya fi min ciwo.

Ban san me muka yi maka ba. In ba ka ga girman ɗan Shaho ba, ai ka ga girman mai sunan Malam. Kana tare da ubansa a Makka ranar da ya aiko a raɗa masa sunan kakanku, malamin da har yau unguwa take kiran zaurensa da sunansa. Saboda kunyar wannan sunan, ga ta ɗan fari, ko sau ɗaya bakina bai taɓa faɗarsa ba, Amir nake cewa. Wannan yaron ne za ka bari da kalmar 'yan kusurwa?

Na huce fiye da yadda wasiƙar can ta nuna. In fushi ka yi da zafin bakina, ka yi haƙuri, ka rama a kaina, ka bar yaro. In kuma ba ka da lafiya ne, don Allah ka sa Lailatu ta sanar da ni. Ka san da irin wannan shirun ciwon yayanka ya fara.

Matar yayanka,
Saudatu


Mansur, Makka
Bayan an sauko daga Mina

Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, wallahil azim ƙalau, na fara da wannan don ki ajiye numfashi. Barkanmu da sallah. Lailatu da yara lafiya, sai Salwa da take kuka tun jiya.

Ga yadda aka yi. Tun farkon Zulƙida muke garejin motoci, daga can aka wuce da mu Muzdalifa. Babbar wayar a gida na bar ta don bara zafi ya kashe min wata, ƙarama na ɗauka ta kira kawai. Salwa ce take buɗe saƙonni. Ta ga hoton takarda, ita ko baƙi ɗaya na boko da Hausa ba ta iya haɗawa, uwarta ma haka, duk lokacin da na kira sai ta ce Anti Saudatu ta aiko gaisuwa. Jiya na dawo na karanta gaisuwar. A tsaye na fara, a zaune a ƙasa na gama.

Yanzu ki miƙa wa Amir wayar, sauran nasa ne.

Amir, ɗana. Kalmar da Hamad ya faɗa ita ce zamzami. A garin nan akwai gidajen da suka gaji shayar da alhazai ruwan Zamzam tun kaka da kakanni, su ake kira haka, kuma mahaifiyar Hamad 'yar irin wannan gidan ce. A bakinsa babu yabon da ya wuce wannan, ko 'ya'yansa bai taɓa kira da shi ba. Ni kuma na ɗauko shi na zuba a Hausata da ta daɗe tana shan rana a ƙasar mutane, ban san 'yan kusurwa sun riga ni ɓata ruwa a Samaru ba. Da na ba Hamad labari ya dafe kai, ya ce a ba shi lambar mai gwangwanin. Ka yafe min.

Amma ba wannan ce ta hana ni cin abinci ba. Ummanka ta ce kai mai sunan Malam ne. La haula! Ashe Yaya bai faɗa mata ba? Na ɗauka da ya je hutun nan ya faɗa.

Ɗaki ɗaya muke da shi a nan Mansur lokacin da aka bugo an haife ka. Ranar Juma'a ce, mun dawo daga Harami. Ya yi sujada, ya tashi ya ce a sa maka Uzairu. Na ce madalla, Malam kaka ya samu takwara. Ya yi dariya ya ce, "Bar tsofaffi su ɗauka haka, za su ji daɗi. Ni Uzairu Buhu nake nufi."

Ba ka san shi ba, kuma na tabbata ko a shagon Iyatu sai an yi tunani kafin a tuna shi. Ɗan Bakori ne, tare suka yi shekarunsu a ƙungiyar. Ƙaton mutum, ba gudu, ba tsalle, in ya jefa ƙwallo 'yan kallo kare kai suke yi. Mu muka sa masa Buhu don tsayawa kawai yake kamar buhun masara. Na ce Yaya, duk taurarin da ka yi wasa da su, sai Buhu? Ya daina dariya. Ya ce, "Abdu, ku tashina kuke gani. Duk tashin da na yi, akwai wanda ya biyo ni ya yi karo da ƙirjin Uzairu. Ranar 'yan Jos da jini a baki ya gama wasan, aka ɗauke ni a kafaɗa, shi ya tattara ƙwallaye. Ihu ya toshe min kunne, har muka rabu ban ce masa na gode ba." Ya ce in ka yi wayo zai ɗauke ka ya kai ka Bakori ya nuna masa kai. Allah bai nufa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba don in gyara ɓarnata. A jefa ƙwallo ba ka kai Shaho ba, ni da kai duk mun sani, kuma in na sake ganin ka miƙa ta ga kwando a gabanka zan sake ihu a shagon Iyatu. Amma mu ne muke ta neman Shaho a jikinka. Shi da aka ba shi dama ya zaɓi wanda ɗansa zai ɗauko, bai zaɓi kansa ba.

Komawa fili ko rashin komawa, kai za ka yanke. Ni dai Baffanka ne ko ka koma sayar da rake.

Abdulsalami


Samaru, Zariya
Litinin

Alhaji ɗan cirani,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da jin lafiyarka. Ka ce wa Salwa ta share hawaye, laifin ubanta ne da ya bar 'ya'ya ba Hausa.

Kai, Abdulsalami! Buhu? Shekara ashirin da ɗoriya ina sunkuyar da kai in an ambaci sunan nan, ina ɗauka kunyar babban malami nake ji, ashe kunyar Buhu nake ji! Na yi dariya har na sarƙe, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na tuna shi sarai. Ranar ɗaurin aurenmu 'yan ƙungiyar duk suna gaba ana ɗaukar hoto da ango, shi yana baya yana jera wa baƙi benci. Yayanka kuwa Allah ya jiƙansa, ya yi wata guda a gidan nan yana jin ina cewa mai sunan Malam, yana murmushi, bai ce uffan ba.

Amir shi kaɗai ya karanta nasa a ɗaki. Da ya fito bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Tambaya ɗaya ya yi min, "Umma, yana da rai?" Na ce ban sani ba. Ya je wajen koci, koci ya bi tsofaffin 'yan wasa da waya, aka gano yana nan Bakori, ya yi ritaya daga ofishin gona. Yau da sassafe ya hau mota.

Alhamis ake miƙa sunaye. Kocin ya tambaye shi, ya ce sai ya dawo. Ban matsa masa ba, amma ko darasi na kasa shiryawa.

Batun zafin bakina, mun yi kunnen doki, kai ka ɓata fassara ni na ɓata zato. Ka gaishe min da Hamad, ka ce an gode, amma nan gaba ya nemi tafinta na kirki.

Matar yayanka,
Saudatu


Samaru, Zariya
Yuli

Zuwa ga Baffana.

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gajiyar aikin hajji ta bi lafiya. Ina gaida Anti Lailatu, da Salwa da Rim, da Baba Hamad. Mu duk lafiya. Ban saba rubuta wasiƙa ba, Umma ce ta ce doka ta hau kaina ni ma. Maganar yafiya kuma don Allah a bar ta, ni ne ya kamata in tambaya kafin in yi fushi.

Baba Uzairu kuwa, na same shi a gonarsa a Bakori yana zuba wa masara taki. Har yanzu ƙato ne, sai dai furfura da ɗan ɗingishi. Na gaishe shi na ce sunana Uzairu Suhaibu. Ya dube ni tun daga ƙasa har sama, ya ce, "Suhaibu na Zariya? Allah ya jiƙan Shaho, a bakin mutane na ji rasuwarsa." Na ce sunansa aka sa min. Ya yi dariya ya ce a'a yaro, ai akwai babban malami Uzairu a danginku, kowa ya sani. Sai na fito da waya na karanta masa wasiƙarka.

Baffa, da na zo wajen jini a baki sai ya zauna a kan kunya, cikin laka, da kayansa. Ya ce in sake karanta wurin. Na sake. Ya kalli masara ya ce, "Na ɗauka bai ma san sunana na yanka ba. Shi ma Buhu yake ce min." Ya yi kuka irin na manya, ba sauti, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Da ya natsu ya tambaye ni ko ina wasa. Na faɗa masa komai, har garuwa, har mayar da jesi. Bai yi min wa'azi ba. Miƙewa ya yi ya kafa ƙafafu a tsakanin kunyoyi, ya haɗe hannu a gaba, ya ce in taho da gudu in ture shi. Na ce Baba ka rufa min asiri. Ya ce in taho. Na taho, wallahi ni na koma baya. Ya ce to ni ma in tsaya ya gani, na tsaya, ya harbi ƙafata ta hagu ya ce ta cika shigewa ciki, shi ya sa haƙarƙarina suke shan wuya. Muka ɓata masa kunya biyu na masara. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce shi tunda yake bai taɓa zama a wajen 'yan kallo ya ga wani yana irin aikinsa ba, yaushe za mu buga?

Laraba na je na karɓo jesina.

Shekaranjiya muka yi wasan gwaji da 'yan Kaduna. Baba Uzairu ya zo tun kafin a buɗe ƙofa, da babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna kusa da Umma. An ci mu da maki uku. Ni ban ci ko ɗaya ba, kuma akwai wadda na miƙa ga kwando a gabana, ka shirya ihunka, bidiyon yana tafe. Masu gwangwani suna nan ba su fasa ba.

Amma a zagaye na biyu na tsaya wa kyaftin, ƙafar hagu a waje yadda aka gyara min, mai binsa ya zo ya yi karo da ni, kyaftin ya samu sarari ya jefa ta shiga. Fili ya ɗauki sunan kyaftin. A cikin wannan ihun sai na ji murya ɗaya, kakkaura, tana kiran wani suna daban. Na waiga. Tsohon nan ne a tsaye shi kaɗai, hula ta faɗi, hannu a sama, yana cewa, "Uzairu! Uzairu!" Umma ta rufe fuska da mayafi. Haka ya yi ta yi duk tsayuwar da na yi har aka tashi, muryarsa ta dushe.

Tunda na fara wasa ba a taɓa kiran sunan nan a filin ba, kuma ya ce min a zamaninsa ma ba a taɓa ba. Ban san ko ni yake kira ba ko kansa, ban kuma tambaye shi ba.

Baffa, in ka samu sarari ka je maƙabartar Shara'i, ka yi wa Abba addu'a a madadinmu mu biyu, ni da takwarana. Tsohon ya ce a yi wa Shaho sallama, a ce masa saƙo ya iso.

Ɗanka,
Uzairu